Rataya Batirin Gida Mai Nauyi a Bangon Firam: Ina Nauyin Yake Bi?

Gabatarwa

Kowa ya san buhun siminti. Nauyinsa kilogiram 50 ne, kuma sai ƙaƙƙarfan mutum ne yake saɓa shi a kafaɗa ya yi tafiya da shi. To, a ce an haɗa buhu biyu an ɗaure, aka ce a rataye su a jikin bango, sama da inda yara suke wasa, su zauna a nan shekara goma ko fiye ba tare da sun motsa ba. Babu shakka duk mai hankali zai tsaya ya dubi bangon nan da kyau kafin ya yarda.

Abin da ake yi ke nan a duk lokacin da aka rataya babban batirin adana wutar lantarki a gida. Irin waɗannan batura suna tara wutar da aka samu daga hasken rana ko daga layin wutar gari, domin a yi amfani da ita da dare ko lokacin da aka ɗauke wuta. Da yake an sanya su cikin akwati mai kyan gani, mutane da yawa suna ɗaukar su kamar talabijin ko agogon bango. Alhali kuwa batirin Powerwall 2, wanda kamfanin Tesla ya fitar a 2016, nauyinsa kilogiram 114 ne, wato ya fi buhu biyu na siminti.

Wannan darasi zai duba yadda ake rataya irin wannan kaya a bangon firam, watau bangon da aka yi da katako ko siririn ƙarfe aka rufe da allo. Ilimin da za mu yi amfani da shi bai wuce na fiziks ɗin sakandare ba. Tambaya guda ce za ta yi mana jagora tun daga farko har ƙarshe: ta wace hanya nauyin batirin zai bi har ya isa ƙasa?

Yadda batir ya hau bango

Batirin darma da ruwan asid, irin na mota, masanin kimiyya ɗan ƙasar Faransa Gaston Planté ne ya ƙirƙiro shi a 1859. Yana da nauyi ƙwarai in an kwatanta da wutar da yake riƙewa, kuma akwai ruwa mai cin jiki a cikinsa. Saboda haka a ƙasa ake ajiye shi, ko a kan ƙaƙƙarfan benci na ƙarfe. Ba a rataya shi.

A 1991 kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fara sayar da batirin litiyom mai caji. Masana uku da suka yi aikin da ya kai ga samar da shi, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, sun sami kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2019. Batirin litiyom yana riƙe wuta mai yawa a ƙaramin jiki, shi ya sa aka iya yin sa shafal kamar allo, aka ɗaga shi daga ƙasa aka kai bango. Hakan yana rage cin wuri, yana kuma nesanta shi daga ruwa idan ya malalo cikin ɗaki.

Sai dai sauƙin nauyin nan na kwatance ne kawai. Batirin litiyom da ke riƙe kilowat-awa 5 yakan kai kimanin kilogiram 50, mai riƙe kilowat-awa 10 kuwa yakan doshi kilogiram 100. A wannan darasi za mu ɗauki kilogiram 100 a matsayin misalinmu, domin lissafi ya zo da sauƙi.

Ƙashi da fata

Ginin firam ya bunƙasa ne a Amurka, musamman a birnin Shikago, a shekarun 1830, lokacin da injunan yanka katako da na ƙera ƙusa suka sa kayan aikin suka yi arha. Har yau akasarin gidajen zama a Amurka da Kanada da shi ake gina su, kuma ana amfani da shi sosai a Ostireliya da arewacin Turai.

Za mu iya kwatanta wannan bango da jikin mutum, mai ƙashi da fata. Ƙashin shi ne ginshiƙan katako da ake tsayarwa a jere. Kowane ginshiƙi a Amurka faɗin fuskarsa milimita 38 ne, zurfinsa milimita 89, duk da cewa kafintoci suna kiransa inci 2 da inci 4. Tazarar da ke tsakanin tsakiyar wani ginshiƙi da ta na kusa da shi yawanci inci 16 ce, wato kimanin santimita 40, wani lokaci kuma inci 24, kimanin santimita 60. Ginshiƙan suna tsaye a kan wani katako da ke kwance a ƙasa, an kuma haɗa kawunansu da wani katakon a sama.

Fatar ita ce allon jifsam, wanda kaurinsa yawanci milimita 13 ne. Jifsam wani farin ma'adini ne mai laushi, shi ne tushen farin garin da ake yi wa silin ado da shi. Ana danne shi tsakanin takardu biyu masu kauri ya zama allo. Kimanin kashi 21 cikin ɗari na nauyin jifsam ruwa ne da ke ɗaure a cikin sinadarinsa. Idan wuta ta taɓa shi, wannan ruwa yakan fita a matsayin tururi, ya jinkirta yaɗuwar zafi. Don haka jifsam garkuwa ce mai kyau daga gobara. Amma wajen ɗaukar kaya ba shi da ƙarfi: yana marmashewa kamar alli, kuma danshi yana ƙara raunana shi.

A nan ne hatsarin yake. Bayan an yi fenti, ido ba ya bambance inda ƙashi yake da inda fata ce kaɗai. A cikin kowane santimita 40 na tsawon bango, ƙasa da santimita 4 ne ke da katako a baya. Wato wanda ya huda bango da ka, ba tare da bincike ba, sau tara cikin goma a fanko zai faɗa.

Ƙarfi biyu da ke kan kowane sukuru

Batir ba ya taɓa ginshiƙi kai tsaye. Ana fara ɗaure wani farantin ƙarfe a bango, wanda za mu kira maratayi, sannan a sagala batirin a kansa. Abin da ke riƙe maratayin shi ne sukuru, watau ƙusa mai haƙora da ake murɗawa. Kowane sukuru yana fama da ƙarfi iri biyu a lokaci guda.

Na farko shi ne ƙarfin sara. Ƙasa tana fizgar kowane kilogiram guda da ƙarfin niyuton 9.8. Batir mai kilogiram 100 ke nan yana danna ƙasa da niyuton 980. Wannan ƙarfi yana gicciye da jikin sukuru, yana neman ya lanƙwasa shi ko ya sare shi, kamar yadda almakashi yake yi wa zare. Idan sukuru 4 ne suka raba nauyin daidai, kowanne yana ɗauke da niyuton 245.

Na biyu shi ne ƙarfin zarewa, kuma shi ne wanda aka fi mantawa da shi. Batir yana da kauri, saboda haka cibiyar nauyinsa ba a jikin bango take ba, tana ɗan nesa da shi. Wannan tazara tana sa kan batirin ya nemi kifowa gaba, gindinsa kuma ya danna bango. Sukurorin sama su ne suke hana kifowar, don haka ana jan su waje kamar yadda kafinta yake zare ƙusa da bakin hamma. Ƙa'idar da ke bayan wannan ita ce ta ƙarfin juyawa, wadda masanin Girkawa Arkimidis ya bayyana fiye da shekara 2,200 da suka wuce: ƙarfin juyawa daidai yake da ƙarfi sau tazara.

Bari mu yi lissafi. A ce kaurin batirin santimita 20 ne, cibiyar nauyinsa tana santimita 10 daga bango, wato mita 0.1. Ƙarfin juyawa zai zama 980 × 0.1 = 98 niyuton-mita. A ce kuma daga sukurorin sama zuwa inda gindin maratayi ya dafa bango santimita 50 ne, wato mita 0.5. Ƙarfin da ke jan layin sama zai zama 98 ÷ 0.5 = 196 niyuton. Idan sukuru 2 ne a sama, kowanne niyuton 98 ke jan sa.

Yanzu mu sauya tsari. Wani ya ga bai son maratayin da ya zo da batirin, ya je ya ƙera kanta mai faɗi ya ɗora batirin a kai, har cibiyar nauyi ta koma santimita 30 daga bango, ƙafar kantar kuma tsawonta santimita 20 kacal. Ƙarfin juyawa ya zama 980 × 0.3 = 294. Ƙarfin zarewa ya zama 294 ÷ 0.2 = 1,470 niyuton. Nauyin batir bai ƙaru da ko giram ɗaya ba, amma jan da ake yi wa sukurorin sama ya ninka sau 7 da rabi. Darasin da ke nan shi ne: a manna batir kusa da bango iyakar yadda kamfanin da ya ƙera shi ya yarda, a kuma nisanta sukurorin sama da na ƙasa.

Abin da katako yake iya riƙewa

Injiniyoyin Amurka suna da littafin ƙa'idojin ginin katako, wanda ya ba da ƙarfin riƙon sukuru gwargwadon kaurinsa da taurin icen. Bisa lissafin littafin, babban sukuru mai kaurin milimita 8, idan an murɗa shi a gefen busasshen katako mai laushi irin wanda ake ginshiƙai da shi, yana riƙe kimanin niyuton 36 a kowace milimita ta haƙoransa da ta nutse. Idan haƙoran sun nutse milimita 40, riƙon ya kai kimanin niyuton 1,440. Da yake katako yana ɗan saki idan kaya ya daɗe a kansa shekara da shekaru, littafin ya ce a rage kashi 10 cikin ɗari ga kaya na dindindin. Abin da ya saura kimanin niyuton 1,300 ne.

Mu kwatanta da niyuton 98 da muka samu a lissafin farko. Riƙon ya ninka buƙata fiye da sau 13. A tsari na biyu kuwa, inda kowane sukuru yake fama da niyuton 735, rarar ba ta kai ninki biyu ba. Ƙaramin kuskure, kamar tsagewar katako ko wani ya dafa batirin da ƙarfi, yana iya cinye ta.

Wannan riƙo duka ya dogara ne da sharuɗɗa huɗu. Na ɗaya, sukuru ya shiga tsakiyar ginshiƙi. Daga tsakiya zuwa gefe milimita 19 ne kawai, ƙa'ida kuma ta ce kada tsakiyar sukuru ta kusanci gefe da ƙasa da ninki ɗaya da rabi na kaurinsa, wato milimita 12. Kuskuren da aka yafe wa ma'aikaci bai wuce milimita 7 ba ta kowane ɓangare. Na biyu, a fara huda ƙaramin rami kafin a murɗa, kimanin milimita 5 ga sukuru mai milimita 8 a katako mai laushi, domin kada katakon ya tsage. Na uku, a murɗa shi da sifana, kada a buga shi da guduma, kada kuma a ci gaba da murɗawa bayan ya kama, don kada haƙoran su cinye naman katakon. Na huɗu, katakon ya kasance lafiyayye, ba ruɓa, ba cin gara.

Tsawon sukuru ma lissafi ne. A haɗa kaurin maratayi da washa, kimanin milimita 5, da kaurin jifsam, milimita 13, da nutsewar haƙora, milimita 40, da tsinin baki wanda ba ya riƙe komai, kimanin milimita 6. Jimilla milimita 64. Ɗan siririn baƙin sukurun da ake kafa allon jifsam da shi bai dace da wannan aiki ba ko kaɗan, domin ƙarfensa yana da gautsi, yakan karye farat ɗaya. Haka nan 'yan robobin da ake cusawa cikin allo don rataya hoto ko madubi: komai yawan kilogiram da aka rubuta a jikin kwalinsu, a fata suke riƙe, ba su isa ƙashi ba.

Yadda ake gano ginshiƙi

Akwai hanyoyi da dama, kuma ma'aikacin kirki yakan haɗa biyu ko uku. Idan aka ƙwanƙwasa bango da ɗan yatsa, fanko yana ba da amo kamar ganga, wurin katako kuwa amonsa a dunƙule yake. Idan aka bi jikin bango da mayen ƙarfe, zai kama kawunan ƙusoshin da aka kafa allo da su, su kuwa a kan ginshiƙi suke. Akwai kuma ƙaramar na'urar lantarki da ke jin bambancin kauri a bayan allo. Bayan an yi zato, sai a tabbatar da shi da siririyar ƙusa: a huda nan da can har a gano gefen dama da na hagu, a sa alama a tsakiya, a ja layi a tsaye da ma'aunin lebur.

Wajibi ne a tuna cewa cikin bangon firam ba katako ne kaɗai ba. Wayoyin lantarki da bututun ruwa suna ratsa ginshiƙai ta ramuka. Dokar aikin lantarki ta Amurka ta ce ramin waya ya nisanci fuskar ginshiƙi da aƙalla milimita 32, in kuwa bai kai ba, a rufe wurin da farantin ƙarfe. Ke nan sukurun da zai nutse milimita 40 yana iya cim ma waya. Saboda haka a kashe wutar ɓangaren kafin a fara huda, a guji layin da ke sama ko ƙasa da soket da makunni, kuma idan bakin injin huda ya ci karo da ƙarfe, a dakata nan take. Mai yiwuwa farantin kariya ne, waya ko bututu na bayansa.

Idan ramuka ba su dace da ginshiƙai ba

Sau da yawa ramukan maratayi ba sa faɗawa daidai kan ginshiƙai biyu. Ba daidai ba ne a ɗaure gefe ɗaya a katako a bar ɗayan a allo, domin sukurorin da ke katako za su ɗauki nauyin duka, batirin kuma zai karkace a hankali. Mafita biyu ce sananniya.

Ta farko, a sami falankin filawud mai kaurin milimita 18 ko fiye, mai faɗin da zai ratsa ginshiƙai biyu ko uku, a ɗaure shi a kowannensu da manyan sukurori sama da ƙasa, sannan a ɗaure maratayi a jikinsa da noti mai ratsawa da washa mai faɗi a baya. Wasu sukan yi amfani da dogayen sandunan ƙarfe maimakon filawud, musamman inda dokar gobara ta hana abu mai kama wuta a bayan batir. Ta biyu, a buɗe allon, a kafa gajerun katakai masu kauri a gicciye tsakanin ginshiƙai daidai inda sukurori za su shiga, a mayar da allo. Wannan ya fi sauƙi tun ana gini, kafin a rufe bango. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai bangon firam da ake yi da ginshiƙan ƙarfe, musamman don raba ofisoshi. Kaurin ƙarfen irin waɗanda ba su ɗaukar nauyin gini yakan kasance kimanin rabin milimita, bai kai kaurin farce biyu ba. Haƙori ɗaya ko biyu na sukuru ne kawai yake kama shi. Irin wannan bango ba ya ɗaukar batir sai injiniya ya tsara masa ƙarin ƙarfi. Haka kuma, ko da na katako ne, a duba ko an kafe shi sosai a sama da ƙasa. Ginshiƙi yana iya riƙe sukuru da kyau, amma idan kan bangon bai kama rufi ba, ƙarfin juyawan nan zai riƙa jawo bangon gaba ɗaya.

Duk inda aka yi shakka, a bar ƙasa ta ɗauki nauyin. Batura da yawa an ƙera su yadda za su iya tsayawa a kan daɓen kankare ko kan ƙafa ta ƙarfe, a ɗaure kansu kawai a bango don kada su kife. Ɗaurin nan na sama ba abin wasa ba ne. A 2016 kamfanin IKEA ya janye kimanin durowoyin tufafi miliyan 29 a Amurka, bayan wasu sun kife a kan ƙananan yara sun kashe su. Batir ya fi akasarin durowoyin nan nauyi.

Me zai faru idan ya faɗo?

Batir mai kilogiram 100 da ya faɗo daga tsayin mita 1 zai isa ƙasa da gudun kimanin mita 4.4 a daƙiƙa, ɗauke da kuzarin jul 980, wato 100 × 9.8 × 1. Wannan ya isa ya farfasa ƙashin ƙafa, ya isa kuma ya halaka yaro. Bayan haka, faɗuwar za ta fizge manyan wayoyi masu ɗauke da wuta, abin da kan haifar da tartsatsi.

Hatsari na uku yana cikin batirin kansa. A kowane ƙwayar batirin litiyom akwai wata siririyar fata da ke raba ɓangarorin wuta biyu. Idan bugu ya huda ta, ɓangarorin sukan haɗu, zafi ya tashi, zafin ya ƙara hura sinadaran, su kuma su ƙara zafi, har ƙwayar ta fashe ta kunna ta kusa da ita. Ana kiran wannan gudun zafi. Yana fitar da iskar gas mai guba da mai kama wuta, kuma yana iya farawa sa'o'i bayan faɗuwar. Nau'in litiyom mai ƙarfe da fosfet, wanda ya yawaita a baturan gida na yanzu, ya fi sauran jure zafi, amma shi ma ba a ce ba ya ƙonewa ba. Batirin da ya faɗi, ko da bai nuna alamar lahani ba, kada a sake haɗa shi da wuta sai masani ya duba shi.

Saboda wannan ne dokokin gini suka yi magana a kan wurin da za a rataya batir. Kundin dokar gina gidajen zama da yawancin jihohin Amurka suke bi, a bugunsa na 2021, ya hana sanya shi a ɗakin kwana. Ya ce kada batir guda ya wuce kilowat-awa 20, a bar tazarar ƙafa 3, kimanin santimita 91, tsakanin batir da batir sai in gwaji ya nuna za a iya matso da su, a kuma bar irin wannan tazara daga ƙofa ko tagar da ke shiga cikin gida idan a bangon waje ne. Ya ƙara da cewa bangon katakon da ba a rufe ba a lulluɓe shi da allon jifsam mai jure wuta, mai kaurin kusan milimita 16, a kare batirin da ke gareji daga karon mota, a kuma sanya na'urar jin hayaƙi ko zafi. A nan muna ganin rabon aiki sarai: ƙashi yana ɗaukar nauyi, fata tana tare wuta.

Ɗaga batirin ma yana da ƙa'ida. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta sanya kilogiram 23 a matsayin iyakar abin da ya dace mutum ɗaya ya ɗaga, ko da yanayin aikin ya yi kyau. Batir mai kilogiram 100 ya ninka wannan fiye da sau 4. Ana buƙatar mutane da yawa ko keken ɗaga kaya, kuma kada kowa ya tsaya a ƙarƙashinsa har sai an tabbatar ya zauna a maratayi an kulle shi.

Darasin ga gine-ginenmu

A ƙasar Hausa akasarin gidaje da bulo ko ƙasa ake gina su, amma baturan litiyom na rataye sun shigo tare da wutar sola, kuma bangon firam yana nan tare da mu. Shi ne wanda ake raba shaguna da ofisoshi da dakunan gwaji na makarantu da shi, da sirirran katakai da filawud ko allon silin. Sau da yawa katakansa ba su kai kaurin na Amurka ba, tazararsu ba ta da ƙa'ida, gara kuma tana cin su ta ciki ta bar bayan lafiya lau. Irin wannan bango labule ne kawai, bai kamata a rataya masa batir ba.

Tambayar hanyar nauyi tana aiki a sauran bangaye. Bulo mai rami fatarsa siririya ce, idan kuma siminti ya yi ƙaranci a cikinsa, yana marmashewa da zarar an matse ƙusa mai buɗewa a ciki. Ya fi aminci a ratsa bangon da dogon noti a sa farantin ƙarfe a ɗaya gefen, ko a nemi ginshiƙin kankare. Bangon ƙasa kuwa, duk kaurinsa, ba ya riƙe abin da ake ja waje. A yi wa batirin ƙafa ta ƙarfe a kan daɓe.

Sai batun zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40, zafi kuma yana tsufar da batirin litiyom da wuri. A zaɓi bangon da rana ba ta dukansa, musamman ranar yamma, a wuri mai iska, nesa da murhu da tukunyar gas da janareta, a kuma bar sararin da kamfani ya ƙayyade a kewayensa.

Gwaji don aji

Malami zai iya nuna wannan darasi da kayan da ba su da tsada. A sami guntun allon silin da guntun katako, a murɗa sukuru iri ɗaya a kowannensu, a ɗora su a kan tebura biyu yadda kan sukurun zai dubi ƙasa. A ɗaura bokiti da igiya a kan sukurun, gindinsa kusa da ƙasa, a riƙa zuba ruwa lita-lita. Lita guda ta ruwa kilogiram 1 ce. Ɗalibai su rubuta litar da sukurun ya zare a allo, su ga kuma ko bokitin zai iya zare na katako. Bayan haka kowa ya riƙe bulo ko littafi mai nauyi a ƙirjinsa, sannan ya miƙe hannu da shi. Gajiyar da kafaɗa za ta ji ita ce ƙarfin juyawa.

Kammalawa

Mun ga cewa nauyin batir yana bin hanya kamar sarƙa: daga akwati zuwa maratayi, daga maratayi zuwa sukuru, daga sukuru zuwa ginshiƙi, daga ginshiƙi zuwa katakon ƙasa da harsashin gini. Ƙarfin sarƙar bai wuce na zobenta mafi rauni ba. Wanda zai rataya batir ya karanta littafin da ya zo da shi, domin umarnin kamfani a kan nau'in sukuru da adadinsa shi ne kan gaba, haɗa wayoyi kuma aikin ƙwararren mai lantarki ne. Bayan an gama, a riƙa duba wurin lokaci-lokaci. Tsaga a allo, ko rata tsakanin maratayi da bango, ko garin katako a ƙasa, alamu ne da ke cewa a kashe batirin a sauke shi kafin ya sauke kansa.

Jinga

1. Batir yana da nauyin kilogiram 60, cibiyar nauyinsa tana santimita 12 daga bango, tazarar sukurorin sama da gindin maratayi kuma santimita 40 ce. Lissafa ƙarfin zarewa da ke kan kowanne daga sukurori 2 na sama.

2. Idan aka mayar da tazarar ta zama santimita 20, me zai faru da amsarka? Bayyana dalili.

3. Faɗin ginshiƙi milimita 38 ne, tazarar ginshiƙai milimita 600. Kashi nawa cikin ɗari na tsawon bangon ne ke da katako a baya?

4. Me ya sa allon jifsam yake da amfani wajen tare gobara, amma ba shi da amfani wajen ɗaukar nauyi?

5. Zagaya makarantarku, ka gano nau'o'in bango guda uku. Ga kowanne, zana hanyar da nauyin batir zai bi zuwa ƙasa, ka nuna inda take da rauni.